Had diski ya samu matsala, databes ya ƙi buɗewa: ga yadda za ka ceto bayananka

Duk wanda yake harkar gyaran kwamfuta a Zariya, ko a PZ yake zama ko Samaru ko Kongo, ya san yadda wannan matsalar take zuwa. Mai kemis ne ko mai makarantar kuɗi ko mai shagon kayan masarufi, an ɗauke wuta ana tsaka da shigar da ciniki, an dawo da ita, kwamfuta ta tashi da ƙyar tana jan ƙafa, manhaja kuma ta ce ba ta ga databes ba, wato rumbun da take ajiye bayanai, alhali lissafin shekaru da sunayen masu bashi da sakamakon ɗalibai duk suna ciki. Abin da yake min ciwo shi ne yawancin bayanan da ake asara ba diskin ne ya cinye su ba, gyaran da aka yi cikin ruɗewa a awa ɗayan farko ne ya ƙarasa su. Don haka dan Allah ka karanta wannan a natse, kuma ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: ba a yin gyara a kan diskin da ya samu matsala, kwafinsa ake ɗauka, a kan kwafin ake aiki.

Da farko kashe kwamfutar

Kashe ta. Kar ka yi ta ristatin kana cewa ko Allah zai sa ta tashi, kar ka bar Windows ya yi gyaran nan da yake yi da kansa idan yana tashi, kar ka gudanar da chkdsk ko fsck, umarnin gyaran diski na Windows da na Linux, kar ka saka wata manhajar dawo da fayil a kan diskin, kuma in ya tambaye ka ko za ka yi fomat ka ce a'a. Dalili kuwa, duk waɗannan rubutu suke yi a kan diskin, kuma chkdsk shi damuwarsa tsarin fayiloli ya daidaita, ba ruwansa da ko ya yanke wa fayil ɗin databes ɗinka rabi. Diskin da ya fara mutuwa kamar jaki ne mai ciwon ƙafa da sahu ɗaya ya rage masa, to wannan sahun hatsi za ka ɗora masa, ba za ka sa shi zagayen gari ba.

Kafin ka kashe, in tana kunne, kasa kunnenka jikin akwatin. Lafiyayyen diski yana da ƙara mai laushi iri ɗaya, don farantan cikinsa suna juyawa ne sau 5400 ko 7200 a minti. In kana jin ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru ya sake, ko wani kuka kamar ana goga ƙarfe, ko yana ƙoƙarin juyawa yana tsayawa, to allurar da ke karatu ce ko motar ta samu matsala, kuma nan aikinka ya ƙare, sai kamfanin da ke da ɗaki na musamman marar ƙura. Kar ka yarda wani ya kwance murfin diskin a shago ya ce zai duba. Tazarar da ke tsakanin allurar da faranti ba ta kai girman ƙwayar ƙura ɗaya ba, ka kuwa san ƙurar hunturun Zariya, ko ƙofa a rufe sai ta kwanta a kan tebur. Maganar a saka shi a firiza ma ka manta da ita, raɓa ce za ta taru a ciki.

In babu wannan ƙarar, kawai jinkiri ne da maƙalewa da fayiloli masu ƙin buɗewa, to akwai kyakkyawan fata, mu ci gaba.

Kayan da za ka tanada

Wata kwamfutar mai lafiya, zai fi kyau ta tebur wadda za ka iya jona diskin kai tsaye da wayar SATA, saboda ƙaramin gidan diskin nan na USB da ake sayarwa yakan katse da zarar ya haɗu da wuri mai wuyar karantuwa. Sai filash da aka saka wa SystemRescue ko Ubuntu, nau'o'in Linux ne, don ka tashi kwamfutar da Linux maimakon Windows. SystemRescue ya zo da kayan aikin gaba ɗaya, a Ubuntu kuwa sai ka sauke gddrescue da smartmontools da testdisk. Sai sabon diski wanda ya ninka mai matsalar girma ko fiye, don kwafi biyu za mu ajiye, kuma kar ya kasance FAT32 domin shi ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, ka yi masa ext4 ko NTFS.

Sai wuta, wannan kam ba wasa. Diski mai 1TB ko lafiyarsa ƙalau kwafinsa zai ci kusan awa uku, mai matsala kuwa yana iya kwana da wuni yana abu ɗaya. Ka nemi inda akwai inbata ko sola, ko aƙalla UPS mai batir mai kyau tsakaninka da janareta. In lokacin bazara ne ka kafa masa fanka, zafi yana ƙara masa rauni.

Duba lafiyarsa, amma a gurguje

Bayan Linux ya tashi ka buɗe taminal, wato allon da ake rubuta umarni, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Ka kwatanta lambar siriyal da wadda ke rubuce a jikin diskin, ka rubuta a takarda wanne ne mai matsala wanne ne sabo. Ka duba sau biyu, wallahi in ka juya su a umarnin da ke tafe, diskin da babu komai za ka kwafe, kana rubutu a kan wanda bayananka ke ciki. A nan zan ɗauka mai matsalar shi ne /dev/sdb. Sai:

smartctl -a /dev/sdb

Zai nuna maka rahoton lafiyar diskin da ake kira SMART. Layuka uku za ka nema, mai lamba 5 da 197 da 198. Na 5 sektoci ne, wato ƙananan gurabun da diski ke ajiye bayanai, waɗanda ya riga ya fid da rai da su ya canza musu wuri, 197 waɗanda ya kasa karantawa yana jira, 198 waɗanda ba su gyaru ba. In ka ga ba sifili ba ne, musamman 197, to ka tabbatar diskin ne. Kar ka sa shi dogon gwajin nan na SMART, wahalar da shi kawai za ka yi.

Ɗaukar hoton diskin, nan ne ainihin aikin

Abin da ake nufi da hoto shi ne kwafin diskin sekta bayan sekta a cikin fayil guda. Kwafi na yau da kullum ba zai yi ba saboda da ya haɗu da wuri ɗaya mai matsala sai ya tsaya nan yana ta nanatawa har diskin ya galabaita. GNU ddrescue dabararsa daban ce, yana fara kwashe wuraren da suke karantuwa cikin sauƙi, in ya ga wuri mai wuya ya tsallake ya rubuta a wani ɗan fayil na taswira, sai ya gama da masu sauƙi sannan ya dawo. Ka shiga cikin foldar sabon diskin ka rubuta:

ddrescue -d -n /dev/sdb hoto.img hoto.map

Wannan hoto.map ɗin kar ka kuskura ka bar shi, shi ne taswirar. Da shi ne in wuta ta katse ko kwamfuta ta maƙale za ka sake rubuta umarnin ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba sai ya koma farko ba.

Za ka ga allo yana nuna lambobi suna canzawa, pct rescued yana hawa, gudu yana kan misalin 90 MB a sakan, can sai ka ga ya faɗo ƙasa warwas, read errors ya ƙaru da ɗaya, fitilar diskin ta tsaya cak ba ta ƙiftawa, bayan 'yan sakanni ya tsallake gudu ya dawo. Wannan daidai ne, haka aikin yake, kar ka taɓa komai. Abin da zai sa ka danna Ctrl da C ka tsayar shi ne in ƙarar ƙas ƙas ta fara, ko diskin ya ɓace gaba ɗaya daga kwamfutar. In ya ɓace ka kashe, ka bar shi ya huce, ka sake kunnawa ka ci gaba da taswirar.

Zagayen farko ya ƙare, sai na biyu wanda zai koma kan wuraren da aka tsallake:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb hoto.img hoto.map

Wato ya gwada kowane wuri har sau uku. In kana so ka ƙara -R ya karanto daga baya zuwa gaba, wani lokacin ana samun ƙari ta haka. Amma ni a ganina in ka kai 99.9 cikin ɗari kuma awanni suna wucewa ba ƙari, ka haƙura haka, ka cire diskin ka ajiye shi gefe. Sai ka kwafi hoton:

cp hoto.img aiki.img

hoto.img ya zama na ajiya, ba mai taɓa shi. Duk gwaje-gwaje a kan aiki.img za a yi, in ya ɓaci ka sake kwafowa.

Akwai wata dabara da ba kowa ke yi ba kuma tana rage wahala sosai. Kafin ka fara faɗa da databes, ka gano ko ramukan da ba su karantu ba sun faɗa cikin fayilolinsa ne ko wani wuri daban, don sau da yawa za ka tarar a kan fayilolin Windows ko wasu bidiyoyi suka faɗa. Ka rubuta wata kalma a ƙaramin fayil ka ce wa ddrescue ya cike ramukan da ita:

printf "RAMIRAMI" > alama
ddrescue --fill-mode=- alama aiki.img hoto.map

Bayan ka buɗe hoton yadda zan nuna a gaba sai ka nemi kalmar da grep -rl RAMIRAMI a cikin foldar databes, duk fayil ɗin da ya fito shi ne abin ya shafa. Da ka gama ka sake kwafo aiki.img daga na ajiya don alamar ta fita.

Fito da fayilolin

Don ka buɗe hoton kamar diski ka rubuta:

losetup -Pf --show -r aiki.img

Zai ba ka suna kamar /dev/loop0, ɓangarorin diskin kuma loop0p1, loop0p2 haka. Ka buɗe wanda kake so da mount -o ro, wato karatu kawai. In ɓangarorin ba su fito ba TestDisk yana iya nemo su, a kan hoton dai. In diskin yana da BitLocker, wato kullen da Windows ke yi wa diski, sai an nemo makullin nan mai lambobi 48, yawanci yana cikin akawun ɗin Microsoft na mai kwamfutar.

Ka kwashe foldar databes gaba ɗayanta, kar ka zaɓi wanda ka ga ya yi kama da sunan shagon kawai. A XAMPP, wato kunshin manhajar da ke zuwa da databes na MySQL, tana C:\xampp\mysql\data, ka haɗa da fayil ɗin saiti my.ini. A SQL Server fayil ɗin .mdf da .ldf tare suke tafiya. A SQLite in ka ga masu ƙarewa da -wal ko -journal kusa da babban fayil ka ɗauke su, cinikin ƙarshe yana iya kasancewa a cikinsu. Sannan ka zagaya diskin ka nemi duk wani .sql ko .bak ko .zip, ka tambayi mai shagon da yaransa ko an taɓa tura bakof, wato kwafin ajiya, ta imel ko WhatsApp ko an saka a filash. Bakof na wata biyu da suka wuce mai lafiya, a cike gurbinsa da abin da aka ceto, ya fi gyararren databes da ba ka san me ya zube a ciki ba.

In MySQL ne ko MariaDB

Zan daɗe a nan don shi ya fi yawa a wajenmu, yawancin manhajojin makarantu da na kemis da matasa ke rubutawa a kan XAMPP suke. Ka lura XAMPP ya daɗe da komawa MariaDB duk da maɓallin har yanzu MySQL aka rubuta. Ka saka daidai sigar da ke kan tsohuwar kwamfutar a wata kwamfutar daban, in ka saka sabuwar siga za ta yi ƙoƙarin sabunta fayilolin, ka ƙara wa kanka matsala a kan matsala. Ka ɗora kwafin foldar data, ka kunna, in ya faɗi ka buɗe mysql_error.log ka karanta layukan ƙarshe, a nan zai faɗa maka wane tebur ko wane shafi ne ya lalace.

Akwai shawarar da ke yawo a intanet wai ka goge ibdata1 sai ya tashi. Dan girman Allah kar ka yi. A MariaDB da MySQL na kafin siga ta 8 a cikin ibdata1 ne InnoDB, injin da ke kula da teburan, ke ajiye rajistar teburanka, in ka goge shi sabar, wato manhajar databes ɗin, za ta tashi lafiya lau, amma kana danna tebur za a ce maka babu shi.

Hanyar da ta dace ita ce ka buɗe my.ini, ƙarƙashin [mysqld] ka ƙara:

innodb_force_recovery=1

Ka kunna. Bai tashi ba, ka mai da shi 2, sannan 3. Matakan shida ne, daga 1 zuwa 3 da sauƙi, amma daga 4 zuwa sama su kansu masu MySQL sun yi gargaɗi cewa yana iya lalata fayilolin har abada, shi ya sa kafin ka hau 4 ka tabbatar kana da wani kwafin foldar a gefe, kuma duk hawa ɗaya ka fara da sabon kwafi. Wannan yanayin ba na ci gaba da ciniki ba ne, an buɗe maka ƙofa ne ka kwashe kaya ka fita. Da ya tashi ka kwashe bayanan da wannan umarni, ka sa sunan databes ɗinka a madadin shago:

mysqldump -u root -p shago > shago.sql

In ya faɗi a tsakiya sai ka bi tebur ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai matsalar. InnoDB yana ajiye bayanai a shafuka masu 16KB, saboda haka sekta ɗaya da ta mutu shafi ɗaya take ɓatawa, wataƙila layuka gomomi a tebur mai layi dubu ɗari. To sai ka zagaye ramin, ka kwaso daga farko har inda yake faɗuwa, ka tsallake, ka kwaso sauran:

mysqldump -u root -p shago ciniki --where="id < 41000" > kashi1.sql
mysqldump -u root -p --no-create-info shago ciniki --where="id > 41200" > kashi2.sql

Lambobin nan misali ne, kai za ka yi ta matsowa da su a hankali daga ɓangarorin biyu har ramin ya ƙanƙance iya yadda zai yiwu. Aiki ne mai cin rai amma kowane layi da ka ƙara samu rasit ɗin wani ne. Ka rubuta lambobin da suka ɓace, za a buƙace su anjima.

In teburan ba na InnoDB ba ne, na MyISAM ne, masu .MYD da .MYI, abin ya fi sauƙi, ka kashe sabar ka yi myisamchk -r, in bai yi ba -o. Na Aria kuma aria_chk. Bayan ka gama kwashewa ka saka sabon MySQL mai tsabta a sabon diski, babu layin force_recovery, ka shigar da fayilolin .sql ɗin. In an kunna binlog, wato rajistar canje-canjen da aka yi a databes, kuma kana da tsohon bakof, mysqlbinlog zai iya maimaita maka abin da aka shigar tun daga ranar bakof ɗin.

Sauran nau'o'in

SQLite: ka fara da PRAGMA integrity_check, in ya kawo kurakurai sai

sqlite3 tsoho.db ".recover" | sqlite3 sabo.db

Umarnin .recover ya shigo ne a siga 3.29 a 2019, don haka ka sauke sabon sqlite3. Layukan da ya tsinto bai san teburinsu ba zai zuba su a wani tebur mai suna lost_and_found, ka leƙa ciki.

SQL Server: kuskure mai lamba 823 ko 824 alamar diski ce. Ka gudanar da DBCC CHECKDB ka karanta abin da ya ce, in databes ɗin ya ƙi buɗewa ka saka shi a EMERGENCY ka kwashe abin da ke karantuwa zuwa sabo. REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS shi ne na ƙarshen ƙarshe, don gyaransa shi ne ya jefar da shafin da ya lalace da duk abin da ke ciki, kuma ba ya duba alaƙar da ke tsakanin tebura.

PostgreSQL yana da zero_damaged_pages da pg_resetwal, dukkansu suna zubar da bayanai don a samu a wuce, a kan kwafi kawai ake taɓa su, da ya tashi a yi pg_dump a koma sabo. Access kuwa ka gwada Compact and Repair a kan kwafi, in ya ƙi ka buɗe sabon fayil ka jawo teburan ɗaya ɗaya.

Ya buɗe ba yana nufin ya cika ba

Nan ne masu gyara da yawa suke karɓar kuɗinsu su tafi, kuma bai kamata ba. Ka zauna da mai shagon da wanda yake zama a kan kwamfutar kullum, su suka san bayanan, kai tebura kawai ka sani. Ka ƙirga layukan kowane tebur, ka duba ranar cinikin ƙarshe da ya shiga, ka nemi gurbi a jerin lambobin rasit, ka nemi rasit da ke da kai babu kayan ciki ko biyan kuɗin da ɗalibinsa ya ɓace. Sannan ka ce masa, Alhaji a ɗauko littafin bashi da rasit ɗin POS da bayanin banki na watan nan. A zaɓi mutum goma da ya san bashinsu da ka, a duba ko ya yi daidai da abin da ke allo. In makaranta ce a ɗauko takardun sakamako na aji ɗaya a bi suna bayan suna. Lambobin nan da ka rubuta sun ɓace, ka ba shi a takarda, ka gaya masa gaskiya cewa daga rasit kaza zuwa kaza ba su dawo ba sai an sake shigarwa da hannu. Haƙƙin mutane ne a ciki, gara ya sani yau da a zo wata uku ana rigima da kwastoma a kan bashin da ya riga ya biya.

Kafin ka tashi daga wurin ka saita bakof, tunda yanzu ne zai saurare ka. mysqldump ɗaya kullum bayan an rufe shago ta Task Scheduler, kwafi ɗaya a wani diskin daban, ɗaya a Google Drive ko filash da yake tafiya da shi gida, yawancin databes na shago in an matse shi ba ya cin data mai yawa. Kuma ka gwada dawo da bakof ɗin a gabansa a wata kwamfutar ya gani da idonsa yana aiki, a riƙa maimaita gwajin duk wata. A sa UPS, a canza batirinsa in ya fara rauni.

Tsohon diskin kuma kar a mayar da shi aiki ko da an yi masa fomat ya nuna kamar ya warke. Ka manna masa takarda da kwanan wata a kulle shi a durowa tare da hoto.img na wata biyu ko uku, ko za a gano wani abu ya ɓace a dawo a nema. Bayan nan a huda shi da na'urar huda ƙarfe ko a farfasa farantan, kar a ba 'yan gwangwan shi da rai, don sunayen mutane da lambobin wayarsu da bayanin magungunan da suka saya suna ciki, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tara su. Kai ma mai gyara ka goge kwafin da ke kan kwamfutarka da zarar mai shi ya tabbatar komai ya daidaita.